Igiyar Da Ba Ni Na Ɗaura Ba

Wannan babi ba na so a karanta shi ina wurin. In kun iso nan, ku bari sai na tafi masallaci ko na fita duba gona, sannan mai murya a cikinku ya karanta wa sauran. Na ba ku labarin yadda kakanku ya sayar da ragowar shanunsa ya shigo birnin Haɗejiya, na ba ku na makarantar da na yi rabi na bari, ba don kaina ba ya ja ba, sai don malamin lissafi ya kasa gane hanyata. Saura wanda kuka daɗe kuna ba da shi a karkace. Kuna cewa Ba Bukar ne ya ɓata wa yayarku aikinta na waya da surutunsa. Har autanku na ji yana faɗa wa matarsa haka yana dariya. To ba haka aka yi ba. Ni da na ƙare ƙuruciyata a bakin kotu ina buga wa mutane takardar rantsuwa da tafireta, bai kamata in mutu da guda ɗaya a cikina ban buga ba.

Ba Bukar kun san shi, amma jikoki za su karanta, bari in gabatar da shi yadda ya dace. Babarbare ne, katanga ɗaya ce tsakaninmu, kuma tun muna samari bai taɓa kirana da sunana ba sai Fulata. Ni kuwa bawana nake ce masa, don kowa ya san Barebari bayin Fulani ne, su kaɗai ne labarin bai iske ba. Ko bihim bai sani ba a boko. In ka miƙa masa jarida, juya ta zai yi ya ce hoton ya fi kyau a haka. Sana'arsa kula da jirgin mashigi, wanda masu gonaki a ƙetaren kogi suke tarayya a kansa. Wannan mutum shi ya ƙwace mini 'ya a damina guda, ba da asiri ba, da igiya.

Yayarku ita ce ta fari a wurina, kun kuwa san al'adarmu. Ban taɓa kiran sunanta ba, ban taɓa ɗaukarta a gaban mutane ba, in ta gaishe ni bango nake amsa wa. Ranar da ta gama jami'a da karatun kwamfuta, mutane suka cika zaure suna yi mini barka, na ce musu ai ruwan bana ya yi kyau. A cikina kuwa kamar in hau katanga in yi shela. Haka kakanku ya yi mini, ban kuma ga aibin abin ba sai daminar da ta zo daga Kano da jaka biyu da kwamfuta, ta ce wata biyu za ta yi a gida. Wata ƙungiya ce ta ba ta gwaji. Ciyawar kachalla ta toshe hanyoyin ruwa, gonar wani ta nutse, ta wani ta bushe, ana ta rigima. Suna son manhaja a waya wadda wakilansu za su riƙa ɗaukar hoton inda ya toshe, su rubuta sunan wurin da tsayin ruwa. In ta nuna musu abin yana aiki, za su ba ta aikin fadamar duka, daga nan har wajen Birniwa.

Da na ji haka na ce to, lokacina ya yi. Duk gidan nan wa ya san Turanci in ba ni ba? Wa ya san inda kowane harafi yake ko da ido a rufe? Na kakkaɓe ƙamus ɗina, na kai tabarau aka gyara masa ƙafa, na fito da tafireta na ajiye a ɗakin da ke jikin zaure, inda za ta ji ƙararta ta tuna akwai masani a gidan. Kunya ta hana ni zuwa, amma ba ta hana a aiko mini ba. Na jira kwana tara. Ko kaza ba a aiko ba.

Rana ta goma bayan la'asar sai na ji takalmin Ba Bukar a zaure, inda take zama da kwamfutarta saboda iska.

"Dije, wannan akwatin ya cinye miki fuska. Wa ya mutu?"

Shi ya faɗi sunan, ba ni ba. Rubutawa kawai na yi, kamar yadda ake rubuta maganar mai shaida.

"Baba, abin ne yake mutuwa. In na ɗauki hoto goma ko ashirin, sai ya tsaya cak ya rufe kansa."

"Yunwa ce. Ki ba shi wuta."

"Ƙoshi ne, Baba. Ci yake ba ya ajiyewa."

Sai ta shiga yi masa bayani, shi da bai san hagu da daman waya ba, ni kuwa ina bayan ƙofa da kwalbar mai a hannu ina ɗiga wa tafireta. Ga abin da na tsinta, kuma ku riƙe shi, don a kansa labarin yake. Wayoyin wancan lokaci ƙwaƙwalwarsu ƙarama ce, kuma ba sa share bayansu da kansu. Duk abin da manhaja ta ƙirƙiro, hoto ne, suna ne, shafi ne, wuri yake ci, kuma mai rubuta manhajar ne zai faɗa da hannunsa, layi bayan layi, wane ne ya riƙe abin, yaushe kuma ya sake shi. Kalma biyu ce ta Turawa, riten da rilis, wato riƙe da saki. Kowane abu yana da ƙidayar masu riƙe da shi. Wani ya riƙe, ƙidaya ta hau. Ya saki, ta sauka. In ta kai babu, waya ta share abin ta ba wani wurinsa. In ka riƙe ka manta ba ka saki ba, abin zai zauna yana cin wuri har ƙwaƙwalwa ta cika. In kuwa ka saki abin da ba kai ka riƙe ba, waya za ta share shi alhali mai shi yana nan, ya miƙa hannu ya taɓa babu, manhaja ta faɗi.

Na ce alhamdulillahi, Ba Bukar ya nutse. Sai na ji ya tafa cinya.

"Af! Ashe jirgina Nasara suka sata suka sa a waya."

"Yaya, Baba?"

"Jirgi ɗaya, gida bakwai. Duk wanda na ƙetarar da shi gona, igiyarsa zai ɗaura a turke, ma'ana ina can, a zo a ɗauke ni. Muddin da igiya ko ɗaya, ba na ba masu kai kaya kasuwa aron jirgin. In ta ƙarshe ta kwance, jirgi ya huta, kowa ya ɗauka. Akwai wani, ya dawo ta gada bai kwance tasa ba, ya wuce biki Malam Madori. Kwana huɗu jirgi yana zaune, gari yana zagina."

"Ciwona ke nan!"

"Akwai kuma mai karambani. Ya ga igiyar wani ya ce an manta ta, ya kwance. Na ba da jirgi. Mai igiya ya iso bakin ruwa da buhu a ka, sai kwaɗi."

"To in mutum zai sauya jirgi fa? Shafina yana da hoto, an kawo masa sabo."

"Ya ɗaura a sabo kafin ya kwance na tsoho. In ya fara da kwancewa, ya waiwaya ya ga ashe jirgin ɗaya ne, to ya riga ya tafi."

Na ji yatsunta sun ruga a kan kwamfuta, sannan ta ƙyalƙyale da wata dariya da ban taɓa jin ta yi a gabana ba. Ni kuwa a cinyata ƙamus a buɗe yake, yatsana a kan kalmar. Na san ma'anarta tun kafin Babarbaren ya gama tauna goronsa. Amma wa zan faɗa wa? Bango?

Daga ranar zaurena ya zama makarantar Ba Bukar. Kullum bayan la'asar yana nan, an shimfiɗa masa tabarmata, an dama masa furar da aka saya da sunana. Ta riƙa karanta masa layi tana cewa wannan ya ɗaura, shi kuma yana tambaya, ina ya kwance? Haka suka bi manhajar kaf kamar masu tsince tsakuwa a shinkafa. Hoto ashirin ya zama hamsin, hamsin ya zama ɗari, abin bai mutu ba. Har ta fara ce masa injiniya. Injiniya! Mutumin da ke sa hannu da babban yatsa. Ni kuwa tafiretata ta sha mai har ta fara zamewa daga tebur. Mahaifiyarku ta leƙo wata rana ta tsaya tana kallona.

"Malam, wannan ƙarfen soya shi za ka yi?"

"Gyara nake."

"Mako uku kana gyara abin da ba wanda ya ce ya lalace. Ka fita ka zauna da su mana."

"Ni? A gaban ta fari? Kin taɓa gani?"

"To ka daina hura hanci. Tun daga madafa nake jin kishinka yana ƙauri."

Na ce mata ni ba na kishi da bawa. Ta ce to Allah ya ba bawa lafiya, ta tafi.

Ranar nuni ta zo, Laraba ce. Baƙi sun iso daga Dutse, an tara shugabannin masunta da na manoma a wani ɗakin taro, an ce ƙarfe goma sha ɗaya. Da hantsi yayarku ta bar kwamfutar a buɗe a zaure ta shiga ciki yin wanka da karyawa. Na fito zan wuce. Wallahi wucewa zan yi. Sai idona ya faɗa kan rubutun, kuma ku sani, idon da ya yi shekaru yana gwada kwafi da asali ba ya wuce takarda bai ƙirga ba. Shafin ɗaukar hoto ne. A sama an jera kayan da shafin yake da su, guda huɗu: hoto, sunan wuri, tsayin ruwa, da wani na huɗu mai dogon suna. A ƙasa, wurin da shafin yake sallamar kayansa in za a rufe shi, layin saki uku ne. Na ƙirga da yatsa. Huɗu a sama, uku a ƙasa. Na sake ƙirgawa. Mako uku suna tsince tsakuwa, ita da injiniyanta, ga dutse sun bari, kuma Fulata ne ya gani.

Na lura kalmar da ke gefen na huɗun ba riten ba ce, wata ce dabam. Na lura, ba zan yi ƙarya a takardar rantsuwa ba. Amma na ce a raina wannan salon rubutu ne kawai, kamar yadda wani akawu ke rubuta ranka ya daɗe wani ya rubuta yallaɓai. Abin da ya dace shi ne in aika mahaifiyarku ta ce mata ta duba. Amma da na yi haka, da sai ta gyara ta ce wa Ba Bukar ga wata igiya mun manta, su yi dariyarsu. Ni so nake bayan an gama taro an yi tafi, in ce wa bango, a gabanta, ai da akwai guda ɗaya da ta kuɓuce, na gyara. Na zauna. Na kwafi layi na uku harafi da harafi, da kowane ɗigo da kowace baka, na sa dogon sunan nan a ciki. Ban taɓa buga layi mai tsabta kamarsa ba. Ina ɗaga kai sai ga Ba Bukar a ƙofar zaure, ya sha babbar riga zai je taro.

"Fulata, saniya ka samu kake tatsa?"

"Ƙura nake gogewa."

Ya dube ni, ya dubi kwamfutar, ya ce to a goge da kyau, ya fita.

Yayarku ta fito, ta zuba manhajar a wayoyi ukun da za ta miƙa wa baƙi, ta buɗe ta ga ta tashi, ta sa a jaka. Ni ma na bi ta daga baya na tsaya a bakin taga, wai hanya ce ta biyo da ni. Ta yi bayani da Turancin da ya sa na ji tsayina ya ƙaru. Babban baƙon ya karɓi waya ya ɗauki hoton sarkin ruwa, ya rubuta suna, ya koma babban shafi. Ya sake ɗaukar wani, ya danna komawa. Allon ya yi baƙi, manhaja ta ɓace. Ta ce a gwada ta biyu. Haka. Ta uku, haka. Wani daga cikin manoma ya ce ai ko kachallar ce ta shiga wayar, ɗaki ya fashe da dariya. Baƙin suka yi mata magana mai daɗi irin wadda ake yi wa mara lafiya, suka ce suna da wani zama a Miga, suka shiga mota.

Daga baya na fahimci abin da na yi. Na huɗun nan ba kayan shafin hoto ba ne. Babban shafi ne, uwarsa, wanda ya buɗe shi. Ɗan shafin ba ya riƙe uwar, sanin inda take kawai yake yi don ya kai mata hoto in ya gama, shi ya sa ba a sa masa riten ba, shi ya sa kuma ba a sa masa saki ba. Layina mai tsabta ya sa duk lokacin da aka rufe ɗan, sai ya kwance igiyar uwar. Waya ta ga ba mai riƙe da ita, ta share ta. Mai karambanin da Ba Bukar ya ba da labari, da tabarau ya zo.

A tsakar gida mahaifiyarku ta tare yayarku da Ba Bukar tana tambaya. Yayarku ta buɗe kwamfutar a kan turmi, ba ta fi minti goma ba ta tsaya da dannawa, tana kallon wuri ɗaya. Kafin ta buɗe baki Ba Bukar ya riga ta.

"Ni ne, Hajiya. Na cika ta da ina ya kwance, ina ya kwance, har ta kwance wadda ba ta ɗaura ba. Jahili in ya shiga aikin masu ilimi, ƙarshensa ke nan."

Ita kuwa ta dubi ƙasa. Daga nan kuka samo labarinku. Ina tsaye a bakin ɗakina ina ji, kuma in gaya muku gaskiya, abin da ya fara zuwa mini ba kunya ba ce, daɗi ne, don an sauke injiniya. Ta gyara abin a ranar, ta aika musu, amma baƙon da ya ga allo ya yi baƙi sau uku ba ya dawowa. Suka ba wani aikin. Ta tattara ta koma Kano kafin wata biyun su cika, kuma sai da ta shekara biyu tana koyarwa a wata ƙaramar makaranta kafin ta sake samun irin wannan dama.

Bayan tafiyarta da mako guda na kasa cin tuwo, na gangara mashigi. Ruwa ya cika, Ba Bukar yana zaune a gindin turke yana tufka igiya. Na tsaya a kansa na daɗe.

"Bawana."

"Fulata. Ƙura ta gogu?"

"Me ya sa ka ɗauki laifin?"

"Ni in an ce na yi wauta, gobe an manta, dama ba a san ni da wayo ba. Kai kuwa ƙamus gare ka. In ya faɗi a tsakar gida, da me za ka tashi?"

"Zan faɗa mata."

"Me za ka faɗa mata? Akwatin nan yana rubuta lokacin da aka taɓa shi. Ta ga layin ya shigo tana wanka. A gidanka wa ya iya buga Turanci ba kuskure, awaki?"

Na zauna a kan laka da farar rigata.

"Ta ce me?"

"Ta ce, Baba, kada ka bari ya san na sani, ba zai iya haɗa ido da ni ba. Na ce mata dama can yaushe ya taɓa haɗawa?"

Ku duba wannan al'amari da idon adalci. Na yi ɓarna don in raba su da sirri ɗaya, sai na ƙara musu na biyu, kuma ni ne sirrin. Shi ya ɗauki laifi ya ƙara girma a idonta. Har alherin ma sai da ya riga ni. Na ce masa Allah ya isa tsakanina da Barebari, ya ce amin, ya matsa mini a kan tabarma.

Ba ta taɓa ɗaga maganar ba, ba ta rage mini komai ba, gaisuwa, tsaraba, kujerar Makka da ta biya mini, duk kun gani. Abu ɗaya ne ya sauya. Tun daga ranar, in tana aiki na shigo zaure, hannunta yakan tafi a hankali ya rufe kwamfutar, tana gaishe ni tana rufewa. Ba na jin ta san tana yi. In Ba Bukar ne ya shigo, juya masa allon take yi. Na ji tana faɗa masa cewa yanzu wayoyi sun yi hankali, na'ura ce ke sa riƙo da saki da kanta, ko mutum ya so ya buga irin layin nan ba za ta karɓa ba. Wato har ɓarnata ta zama tsohon yayi, amma murfin yana nan yana rufuwa.

To kun ji. Wannan ita ce rantsuwata, na buga ta da hannuna, ba wanda ya tilasta ni. Wanda zai kai wa yayarku littafin nan ya kai mata a rufe, kada ya tsaya ya ga ta karanta. Sauranku kuwa, duk wanda ya taɓa cewa Ba Bukar ya ɓata aiki, ya tashi ya zaga katanga ya ba shi haƙuri tun yana ji da kunnensa, don ya tsufa ƙwarai, ya fi ni tsufa nesa, ko me zai gaya muku. Ku tafi masa da goro. In ya fara labarin jirgi ku saurara kaɗan, don ladabi. Amma kada wanda ya zauna a tabarma, kuma kada in ji dariya ta ƙetaro katangar nan. Ku gaishe shi a tsaye ku dawo gida. Ku ma uba gare ku.